Tambayoyi da Amsoshi kan Antibodin Gano Riseftocin Serotonin a Ƙwaƙwalwa

Duk shekara idan lokacin kare shawarar bincike ya ƙarato, sai ɗalibai su fara sintiri a ƙofar ɗakin gwajin da nake aiki a nan Katsina. Yawancinsu 'yan digiri na biyu ne masu karatun sassan jiki ko ilimin magunguna, wasu daga cikin gari, wasu daga Dutsin-ma, jefi-jefi kuma a samu likita mai neman ƙwarewa. Maganar kusan ɗaya ce: an ba ɓera wani tsiro ko wani magani, ana son ganin abin da ya yi wa riseftocin serotonin a ƙwaƙwalwa, kuma an ce da antibodi ake gani. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ina tsaye a baranda, shi ya sa na zauna na rubuta. Tambayoyin na bar su kusan yadda ake yi mani su.

Malam, shi serotonin ɗin mene ne, risefta kuma mene ne?

Serotonin ƙaramin sinadari ne da jiki ke ƙerawa daga tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin da muke samu a abinci. A takardun kimiyya 5-HT ake rubuta shi. Jama'a sun fi saninsa da "sinadarin farin ciki", sunan da ni bai kwanta mani ba, don kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji yake, ba a ka ba. A hanjin ma aka fara cin karo da shi: Vittorio Erspamer, mutumin Italiya, ya tsamo shi a shekarun 1930 ya kira shi enteramin. A 1948 Rapport da Green da Page, a birnin Cleveland na Amurka, suka tace shi daga ruwan jini, kasancewar yana matse jijiyoyin jini suka raɗa masa serotonin. Sai a 1953 Betty Twarog ta nuna cewa akwai shi a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa.

Ƙwayoyin jijiyar da ke yin sa a ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Suna jere ne a tsakiyar kututturen ƙwaƙwalwa, a wuraren da ake kira rafe, amma rassansu sun kai kusan ko'ina. Risefta kuwa furotin ne da ke zaune a bangon ƙwayar da aka aika wa saƙon. Serotonin ya sauka a kansa, shi kuma ya isar da maganar cikin ƙwaya. Saƙon ɗaya ne, amma abin da zai biyo baya ya danganta ga wanda ya karɓa: wani risefta ya kwantar da ƙwayar, wani ya zaburar da ita.

Guda nawa ne riseftocin?

Gida 7 ne, daga 5-HT1 zuwa 5-HT7, a ƙarƙashinsu akwai iri 14. A 1957 Gaddum da Picarelli, da suke aiki da hanjin ɓeran Masar, iri biyu kawai suka iya rarrabewa. A 1979 Peroutka da Snyder suka raba na ƙwaƙwalwa zuwa 5-HT1 da 5-HT2. Sauran sun yi ta fitowa ne bayan an soma karanta ƙwayoyin gado.

Guda 13 ƙirarsu ɗaya: dogon zaren furotin da ya ratsa bangon ƙwaya sau 7, shiga da fita kamar ɗinkin hannu, yana isar da saƙo ta hannun furotin G. 5-HT3 ne ya fita zakka, shi ƙofa ce mai sassa 5 da ke buɗewa nan take.

Wanda ya taɓa zama a kantin magani ya san su ko bai san sunansu ba. Ondansetron da ake ba mai amai, 5-HT3 yake toshewa. Sumatriptan na ciwon ɓarin kai yana aiki a 5-HT1B da 5-HT1D. Risperidone da olanzapine suna toshe 5-HT2A, buspirone kuma yana taɓa 5-HT1A. Fluoxetine kuwa ba risefta ne ainihin wurin aikinsa ba, furotin da ke kwashe serotonin ya mayar da shi cikin jijiya, wato SERT, shi yake hana wa aiki. Tramadol da ya addabi matasanmu ma yana da hannu a wannan wurin, ban da aikinsa irin na dangin mofin.

Ga tarko biyu. Babu 5-HT1E a ɓera, babba ko ƙarami, sai a mutum da ɓeran Masar da wasu dabbobin. 5-HT5B kuma yana aiki a ɓera, amma a mutum ƙwayar gadonsa ta mutu. Na taɓa karanta shawarar bincike, da sa hannu da komai, da aka ce za a auna 5-HT1E a ƙwaƙwalwar farin ɓeran Wistar. Da an sayi antibodin da wuya a rasa ganin launi, kuma da an rubuta babi na huɗu a kan abin da babu shi.

To ina antibodi ya shigo cikin maganar?

Risefta ya yi ƙanƙantar da ba ya ganuwa a maikuroskof sai an yi masa alama. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki, aikinsa ya gane baƙon abu ya maƙale masa. Sai masu bincike suka ari wannan halin. A ɗauki ɗan guntun zaren riseftan, tubali 10 zuwa 20, a haɗa shi da wani babban furotin, a yi wa zomo allura sau da yawa, bayan makonni a ɗebi jininsa a tace. Abin da aka samu gauraye ne na antibodi iri-iri, shi ake kira folikulonal. Idan jinin wannan zomon ya ƙare, an sake wani zomon, to wani kaya ne daban ko da sunan da ke jikin kwalbar bai canza ba. Monokulonal kuwa daga zuriyar ƙwaya ɗaya yake fitowa, dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a Kambirij ta Ingila a 1975, ta kai su ga kyautar Nobel a 1984. Na uku shi ne rikombinan, wanda an san jerin ƙwayar gadonsa, ana buga shi iri ɗaya yau da gobe.

A kan silaid mataki biyu ne. Antibodi na farko ya nemo riseftan. Na biyu, wanda aka tayar a akuya ko jaki don ya gane antibodin zomo, ya hau kan na farko yana ɗauke da alama: ko launi mai ƙyalli, dabarar da Albert Coons ya fara a 1941, ko sinadarin HRP, wanda ke juya wani sinadarin rini mai suna DAB ya koma ruwan ƙasa. Mu nan ruwan ƙasan muka fi yi, don maikuroskof na yau da kullum ya ishe shi, kuma launin ba ya kodewa.

Ranka ya daɗe, me ya sa kullum kake cewa kada a yarda da antibodin risefta? Ai kamfani ne ya yi, har da hoto a takardar.

Ka taɓa aiken yaro Ƙofar Soro ranar hawan salla ka ce ya kira maka "mai farin rawani"? Yaron ba zai dawo hannu rabbana ba. Zai zo maka da mutum, da rawaninsa fari fat, kuma bai yi maka ƙarya ba. Sai dai ba shi kake nema ba. Antibodi bai san sunan riseftan ba, ɗan guntun siffa kawai aka kwatanta masa, duk wanda ya ga mai kama da wannan siffar zai riƙe. Ƙwaƙwalwa kuwa dubban furotin ne cunkushe.

A kan wannan gidan na masu ratsa bango sau 7 matsalar ta fi tsanani. Adadinsu a nama kaɗan ne ƙwarai idan an gwada da furotin irin su tubulin da ya cika ƙwaƙwalwa, don haka ko ɗan kuskuren kamu kaɗan antibodin ya yi, hayaniyar ta danne muryar gaskiya. Rabin jikinsu binne yake cikin kitsen bangon ƙwaya, abin da ya leƙo waje kuma sau da yawa suga ya lulluɓe shi. 'Yan gida ɗaya suna kama: 5-HT2A da 5-HT2C sassansu na cikin bango sun yi kusa da juna sosai, haka 5-HT1B da 5-HT1D. Sannan guntun da aka yi wa zomo allura da shi a miƙe yake, alhali a jikin risefta a naɗe yake. Sai ka samu antibodin ya ƙware wajen gane guntun, amma ya wuce riseftan bai ko waiwaya ba.

Wannan ba ƙorafin talakan ɗakin gwaji ba ne. A 2009 Michel da Wieland da Tsujimoto suka rubuta sharhi kan jerin ayyukan da aka buga tare a wata mujallar ilimin magunguna ta Jamus, inda aka gwada antibodi 49 na riseftoci iri 19, da suka haɗa da na adirenalin da na dofamin, aka tarar ba sa tsayawa kan wanda aka aike su. Na serotonin ba sa cikin wancan jerin, amma yawancin waɗanda aka gwada 'yan gida ɗaya ne da su. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65 da suka shafi jijiya, ta hanyar kwatanta ƙwayoyi masu furotin ɗin da waɗanda aka cire musu shi. Fiye da rabi sun faɗi a aƙalla hanyar amfani ɗaya, kuma rikombinan sun fi sauran iri biyun cin jarrabawar. Game da 5-HT2A kansa, a 2010 Weber da Andrade sai da suka nemi ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon riseftan kafin su tantance antibodin da za su iya dogara da shi, sannan suka zana taswirar ɓawon ƙwaƙwalwa da shi.

Hoton da ke takardar kamfani yana nuna cewa wani abu ya yi launi. Bai ce maka ko wane ne ba.

Ta yaya zan tabbatar nawa na gaskiya ne?

Babbar shaida ita ce ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon riseftan, wanda a ɗakin gwaji muke cewa nokawut. A rina namansa da na lafiyayyen ɓera gefe da gefe, a kwano ɗaya, rana ɗaya. Idan launin ya ɓace a na nokawut ya tsaya a ɗayan, alhamdu lillahi. Idan ya fito a duka biyun, yaron ya kawo maka wani mai rawanin. Ƙasa da wannan akwai rage furotin ɗin a ƙwayoyin da ake reno a ga ko launin ya ragu, ko a dasa riseftan a ƙwayoyin da ba su da shi, a dasa 'yan'uwansa a wasu, a ga wanne antibodin ya kama. Akwai kuma gwada antibodi biyu da ke gane wurare daban-daban a jikin risefta ɗaya, a ga ko taswirarsu ta zo ɗaya. A 2016 wani kwamiti ƙarƙashin Mathias Uhlén ya tsara irin waɗannan hanyoyi zuwa ginshiƙai 5.

Na san abin da za ka ce: ina za mu ga nokawut a Katsina? Ba sai ka reni ɓeran ba. Tun kafin ka biya kuɗi, nemi aikin da aka buga inda aka gwada wannan lambar kayan, ba wata mai kama da ita ba, a kan nokawut, a irin dabbarka, ta irin hanyar da za ka bi. Wanda ya yi aiki a westan bulot, hanyar jera furotin a jel bisa nauyinsu, ba lallai ya yi a yankan nama ba. Ka kuma rubuta wa masu aikin. Yankan ƙwaƙwalwar da aka riga aka kafe ba shi da wuyar aikowa kamar ɓera mai rai, kuma mutane sun fi yadda muke zato son amsa wasiƙar ɗalibi mai ladabi da ya san abin da yake tambaya.

Abin da kowa ke iya yi kyauta shi ne ya sa ƙwaƙwalwar kanta ta zama shaida, don an san mazaunin kowane risefta ta hanyoyin da ba su shafi antibodi ba. 5-HT2C ya fi yawa a koroid fileksos, tufkar nan da ke tsatso ruwan ƙwaƙwalwa. Idan antibodinka bai rina ta ba, akwai magana. 5-HT1A yana da yawa a hifokamfas da rafe, amma a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta babbar dabba kaɗan ne ƙwarai, in ka ga duk sun yi duhu ɗaya to ka yi hattara. 5-HT2A ya fi fitowa a hawa na 5 na ɓawon ƙwaƙwalwa. 5-HT1B ana tura shi ƙarshen rassan jijiya ne, shi ya sa ake ganinsa a gulobus falidus da sabstanshiya nigira, nesa da jikin ƙwayoyin da suka ƙera shi. 5-HT6 kuma yana taruwa a ɗan siririn gashi guda da ke tsaye a jikin ƙwayar jijiya. Taswirar Allen Brain Atlas tana intanet kyauta, buɗe ta ka ajiye kusa da maikuroskof. Idan kuwa cibiyar kowace ƙwaya ce ta yi duhu, ka tuna risefta a bango yake zaune.

Na yi silaid ɗin da ban sa antibodi na farko ba, ya fito fes. Na kuma jiƙa antibodin da guntun furotin ɗinsa, launin ya ɓace. Bai isa ba?

Ki ci gaba da yin su, Malama, amma ki san iyakarsu. Na farkon yana wanke antibodi na biyu da DAB ne kawai. Na biyun kuma abin da ya nuna shi ne antibodin yana son guntun da aka rene shi da shi, wanda dama ba a yi musu ba. Kin toshe bakinsa, ba zai kama riseftan ba, ba kuma zai kama baƙon da yake kamawa bisa kuskure ba. Launi zai ɓace ko na gaskiya ne ko na ƙarya.

Silaid ɗina ya yi ruwan ƙasa ko'ina. Laifin antibodin ne?

Wataƙila, amma fara duba gida. Wata shekara, a wani ɗakin gwaji da na taɓa aiki, wata ɗaliba ta kira ni da murna, wai 5-HT1A ya ƙaru a ɓerayen da ta ba ruwan zogale. Na leƙa. Ga ɗigo-ɗigo masu duhu, zagayayyu, girmansu ɗaya, sun yi layi kamar tsakiyar carbi. Na matsar da silaid ɗin, layin ya rabu biyu kamar reshe. Na ce ta miƙo mani wanda ba a sa wa antibodi na farko ba. Ga su nan ma, reras. Jajayen ƙwayoyin jini ne kwance cikin ƙananan jijiyoyi. Ba a wanke jinin ɓerayen ta zuciya ba kafin a ciro ƙwaƙwalwar, an kuma tsallake matakin haidurojin feroksaid, jini kuwa da kansa yake juya DAB ba sai an taya shi ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, wata uku fa." Allah ya taimake ta akwai sauran naman da aka ajiye cikin kakin farafin, muka sake yanka.

Don haka: a wanke jini ta zuciya da ruwan gishiri mai bafa, a bi da farafomaldihaid, ruwan kafe nama, kashi 4 cikin 100. A kashe feroksides, sinadarin cikin nama da ke juya DAB da kansa, da haidurojin feroksaid. A toshe da ruwan jinin dabbar da aka tayar da antibodi na biyu a jikinta. Kada yankan ya bushe ko da minti ɗaya ne. Da hunturu, iskar nan tamu takan busar da silaid kafin ka juyo daga famfo, bakin yankan ya yi duhu, ga ƙura tana sauka tana zama ɗigo. Akwatin roba mai murfi da jiƙaƙƙen tishu a ƙasa ya wadatar. A kuma gwada sirki uku ko huɗu, kada a tsaya kan wanda takarda ta faɗa. In kuma antibodin a jikin ƙaramin ɓera aka yi shi, naman ma na ƙaramin ɓera ne, to na biyun zai kama antibodin dabbar kanta.

Kakin farafin ko daskararren yanka?

Riseftocin nan sun fi son daskararren yanka: a kafe na dare ɗaya, a nutsar a ruwan suga kashi 30 cikin 100 har ƙwaƙwalwar ta nutse ƙasan kwalba, a yanka kaurin maikuron 30 zuwa 40. Amma na'urar yankan sanyi ba ko'ina take ba, yawancinmu farafin muke da shi. Yana yiwuwa, in dai ba a bar ƙwaƙwalwa ta yi makonni cikin fomalin, ruwan kafe nama, ba, abin da na fi gani. Bayan an cire kakin a dafa yankan a ruwan sitiret mai pH 6 na minti 10 zuwa 20, don a kwance ɗaurin da fomalin ya yi. Tukunyar girki mai matsin tururi tana yin aikin sarai, sai dai kada ta sake komawa kicin.

A westan bulot na samu layi a wajen 50. Shi ne?

5-HT1A na mutum tubali 422 ne, nauyinsa a lissafi wajen 46 a ma'aunin nauyin furotin, wato kilodalton. 5-HT2A tubali 471, wajen 53. Matsalar ita ce unguwar 50 cike take da jama'a: tubulin, wanda ya cika ƙwaƙwalwa, nan yake zaune, babban sashen antibodin jini ma nan yake. Riseftan gaske kuma, saboda sugan da ke jikinsa, yakan fito sama da lissafi, kuma a baje, ba siririn layi tsaf ba. Siririn layi mai kyau daidai inda lissafi ya ce, ni ya fi sa ni zargi.

Kada kuma ka tafasa samfurin a digiri 95 yadda aka saba da sauran furotin. Waɗannan dunƙulewa suke su maƙale a saman jel. Digiri 37 na rabin awa ya fi.

Wuta ba ta tsayawa, ga zafin bazara. Ya zan ajiye shi?

Antibodi ya fi yadda ake tsoro juriya. Kwana biyu ko uku ba sanyi ba kasafai ke kashe shi ba. Abin da ke cinye shi shi ne daskarewa da narkewa, a sake daskarewa a sake narkewa, wanda shi ne ainihin abin da firizarmu ke yi kullum: a kawo wuta da dare, a ɗauke da hantsi. Ranar da ya iso ka raba shi ƙananan kwalabe, kowace ta aiki ɗaya, ka rubuta suna da kwanan wata, ka cusa su cikin akwatin soso tsakanin robobin ƙanƙara a can ƙasan firiza, ba a jikin ƙofa ba. Idan takardarsa ta yarda, a gauraya shi da gilisarol rabi da rabi, ba zai daskare a digiri 20 ƙasa da sifili ba, an huta da matsalar. Wanda za ka ƙarar cikin makonni kaɗan, firij mai digiri 4 ya ishe shi, in ka samu irin mai sola da ake ajiye allurar rigakafi ya fi. Na biyu mai ɗauke da HRP ko launi mai ƙyalli kada ka daskarar da shi sai takarda ta ce, mai ƙyallin kuma a naɗe shi kada ya ga haske. Sodiyam azaid da ake sa wa don hana ruɓewa yana kashe HRP, kada ya shiga ruwan da za ka sirka na biyun.

Sai maganar hanya. Wani kamfanin aike ya taɓa riƙe mani kaya a Kano daga Alhamis har Litinin, a watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Da na buɗe akwatin, robar ƙanƙarar ɗumi gare ta kamar ruwan wankan jariri. Antibodin ya yi aiki, amma tun daga nan nake roƙon a taso da kaya farkon mako, in sa wani ya karɓa a Kano hannu da hannu, a sako shi cikin kula a motar safe.

Nawa zan tanada?

Kwalbar maikurolita 100 takan kai dala 300 zuwa 500 ko fiye, ban da kuɗin aike da na fito, ban da na biyu da DAB. Yi lissafi kafin ka tsorata. In sirkin kashi 1 cikin 500 ya yi maka, mililita 50 ke nan, a maikurolita 200 kowane silaid ka samu silaid 250, ya ishi ɗalibai uku. In sai kashi 1 cikin 100, silaid 50 kawai. Wasu kamfanoni na sayar da ƙaramar kwalbar gwaji, fara da ita. Idan kuma ya yi kyau, sayi abin da zai kai ka ƙarshen aiki daga rukunin kaya ɗaya, wato bugu ɗaya na kamfanin, musamman folikulonal.

Rukunin da na ba magani ya fi duhu. In rubuta cewa riseftan ya ƙaru?

Yi haƙuri tukuna. Duhun DAB ya danganta da daƙiƙa nawa ka bar shi, da kaurin yanka, da hasken maikuroskof. Sai an rina dukkan rukunonin tare, an ɗauki hoto da saiti ɗaya, wani ya rufe sunayen silaid ɗin da tef ta yadda mai aunawa bai san na wa yake aunawa ba. Manhajar ImageJ da ake auna duhun hoto da ita kyauta ce. Kuma ɓera ake ƙirgawa ba hoto ba: hoto 30 daga ɓera 3, samfuri 3 ne.

Ko ya tabbata ya ƙaru, yawa daban, aiki daban. Bayan makonni ana shan irin su fluoxetine, 5-HT1A na rafe yakan rage jin kira ba lallai adadinsa ya canza ba. 5-HT2A kuma yana da wani baƙon hali, yakan ragu ko an daɗe ana zaburar da shi ko an daɗe ana toshe shi. Saboda haka raguwarsa kaɗai ba ta gaya maka ɓangaren da tsironka ya tura shi ba.

Yayata na fama da ciwon damuwa. Akwai gwajin jinin da zai nuna serotonin ɗinta ya yi ƙasa?

Allah ya ba ta lafiya. Antibodin da muke magana na bincike ne, ba na duba marar lafiya ba. Serotonin na jini kusan duka daga hanji yake, yana ajiye cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kuma ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka auna shi bai ce komai game da abin da ke cikin kai ba. Inda likitoci ke auna shi, ko abin da yake rikiɗewa ya zama a fitsari, 5-HIAA, shi ne idan ana zargin wani ƙari da ake kira kasinoid. Ita kanta maganar cewa ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon damuwa, wani bitar bincike da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka buga a 2022 bai sami tsayayyar hujja a kanta ba, kuma masana sun yi ta muhawara a kan bitar. Wannan bai nufin magungunan ba sa taimakon mutane. Likitan ƙwaƙwalwa da hira da lura yake gane ciwon. In tana shan magani kada ta yanke shi da kanta.

In ban sami amintaccen antibodi ba, shi ke nan aikin ya mutu?

A'a, sauya tambayar. Antibodin serotonin kansa, da na TPH2 mai ƙera shi a ƙwaƙwalwa, da na SERT, sun fi na riseftoci sauƙin tantancewa, don an san siffar da za su bayar: tarin ƙwayoyi a rafe, da siraran zare masu ƙulli-ƙulli a sauran wurare. Da antibodin serotonin Steinbusch ya zana taswirar ƙwaƙwalwar ɓera tun 1981. In riseftan kake so dole, gwajin qPCR zai ba ka yawan saƙon ƙwayar gadonsa, sai dai ka rubuta cewa saƙo ka auna ba furotin ba.

Hanyar da na fi ba ɗaliban tsirrai shawara ita ce ta magani. Kana zargin tsironka ta 5-HT1A yake rage fargabar ɓera? Ba wani rukuni WAY-100635, mai toshe wannan riseftan, kafin ka ba su tsiron. In tasirin ya ɓace, ka sami hujjar da ta fi silaid mai ruwan ƙasa ƙarfi. Na gidan 5-HT2 kuma akwai ketanserin mai toshewa. Masu hali suna amfani da sinadari mai tururin nukiliya, kamar 8-OH-DPAT mai tiritiyam, su ga inda ya sauka a yankan nama, amma wannan sai da lasisi da ɗaki na musamman.

Don kayan aiki kuwa, cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu tana da manyan na'urorin hange kuma tana horar da masu bincike. Ƙungiyoyin TReND in Africa da IBRO suna shirya horo, IBRO na ba da tallafin tafiya, ga kuma ƙungiyar masu nazarin jijiya ta Najeriya da ke taro. A irin waɗannan wuraren ake haɗuwa da mai ragowar kwalbar da aka riga aka gwada.

Da ƙudan 'ya'yan itace nake aiki. Antibodin ɓera zai yi?

Kada ka sa rai. Ƙudan yana da riseftocin serotonin 5, sunayensu sun yi kama da namu, amma jerin tubalansu ya yi nisa. Antibodin serotonin kansa dai zai yi, don sinadarin ɗaya ne a ƙuda da mutum.

Me zan rubuta a babin hanyoyin bincike?

Sunan kamfani, lambar kaya, lambar rukuni, dabbar da aka tayar da shi a jikinta, ko folikulonal ne ko monokulonal, guntun da aka yi allurar da shi, sirkin da ka yi, awa nawa kuma a wane sanyi. Ka sa lambar RRID, tsarin da aka fara a 2014 don kowane antibodi ya sami lambar shaida guda, mujallu da dama suna nemanta yanzu. Sannan jimla biyu ko uku kan yadda aka tantance shi, da wanda ya tantance. In ba a gwada shi da nokawut ba ka faɗa, ka kuma rubuta "launi mai kama da na 5-HT2A" maimakon "5-HT2A". Ka ajiye kwalbar ko ta ƙare, ko ka ɗauki hoton takardar jikinta, don ranar kare kundi mai jarrabawa na waje na iya tambayar lambar rukuni.

Ragowar DAB fa, in zuba a kwata?

Kul. Ana zargin yana jawo ciwon daji. Sa safar hannu, ka tara ragowar da duk bakin fifet ɗin da ya taɓa shi a kwalba daban mai murfi da rubutu, a miƙa wa masu kula da shara mai guba. Zuba masa bilic yana canza launinsa amma bai isa a ce ya zama lafiya ba. Farafomaldihaid kuma a haɗa shi ƙarƙashin na'urar zuƙe tururi, in babu, bakin taga a buɗe da takunkumi, kuma ba lokacin da ɗakin ke cike da 'yan aji uku ba.